Daga gidan kaji zuwa ofishin kuɗi: labarin rayuwata a Legas

Masara ce ta kawo ni Legas. Ƙanin mahaifiyata, wanda muke kira Kawu, ya daɗe yana fataucin hatsi daga kasuwannin Dandume, Giwa da Saminaka zuwa Kudu, yana sauke wa masu gidajen kaji da masu niƙa musu abinci. Ni kuwa a wani ƙauye kusa da Funtuwa aka haife ni, gidan noma gaba da baya: auduga, masara, dawa da 'yan awaki a bayan ɗaki. Na yi difloma a Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, na dawo gida ina jiran aikin gwamnati, shiru. Wajen ƙarshen shekarun 1990, Kawu ya zo hutun Babbar Sallah, ya zauna da mahaifina a zaure ya ce, "Malam, ka ba ni yaron nan. Mutanen da nake kai wa masara suna neman wanda ya san dabba kuma yake tsoron Allah." Mahaifina bai ja magana ba. Ya ce, "Naka ne. Allah ya sa alheri ne ke kiransa." Bayan Sallah na shiga gaban tirelar Kawu, kusa da direba, muka kama hanyar Kontagora.

A Agege muka sauka. Duk Bahaushen da ya san Legas ya san unguwar nan, wadda kakanninmu suka zauna tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa. Mutum zai iya shekara a cikinta yana cin tuwonsa, yana sallarsa cikin jam'i, yana shan shayinsa, bai buƙaci kalmar Yarabanci ko ɗaya ba. Ni dai ba a nan rabona yake ba. Gonar da Kawu ya samar mini tana can bayan Ikorodu, kan hanyar da ke tafiya Epe, ta wani dattijo Bayerabe Musulmi da ya yi ritaya ya zuba duk abin da ya tara a kiwon kajin ƙwai. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma Malam yake kirana tun daga ranar farko, ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A gonar nan na koyi Yarabanci, daga bakin matan da ke tsintar ƙwai da samarin da ke kwashe kashin kaji.

Wanda bai taɓa kwana a gidan kaji ba zai ɗauka aikin bai wuce zuba abinci da tsintar ƙwai ba. Kazar ƙwai tana shafe mako 18 zuwa 20 tana ci kafin ta ba ka ƙwai ɗaya. Daga ranar da aka kawo ta 'yar tsako daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan, sai an yi mata ɗumi dare da rana, a yi mata rigakafin cututtukan Gumboro da Newcastle a kan lokaci, a rage mata baki don kada su tsattsage juna. In ta fara ƙwai, tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Sai ka ji abin kamar ba yawa, amma kaji dubu 10 za su cinye maka sama da tan ɗaya, wato buhu 44 na kilo 25 ko fiye, kowace rana ta Allah, ko ka sayar da ƙwai ko ba ka sayar ba. Abinci kaɗai yana lashe kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, kuma kusan rabin abincin nan masara ce, sauran waken soya, dusar alkama, ƙashi da ɓawon kawa saboda ƙwarin ɓawon ƙwai, sai sinadaran da ake shigowa da su daga waje. Damina ta Legas kuma ga laima, abinci ya kwana biyu a wuri mai danshi sai ya yi fumfuna.

Da manajan da na tarar ya tafi, Baba ya damƙa mini gonar. Abu na farko da na yi shi ne sayen babban littafi mai layi. Dalilina daga gida ya samo asali. Na tashi ina ganin mahaifina yana kai auduga kasuwa, ya dawo da kuɗi a aljihu, mu yi murna, amma da za ka tambaye shi nawa ya kashe a taki da magani da ƙwadago, ba zai iya faɗa maka ba. Mutum ne mai himma, gari bai waye masa a kan tabarma, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa sanin ko audugar nan ta biya shi wahalarsa ba. Wannan abu yana ci mini rai tun ina yaro. Don haka kullum da yamma, bayan La'asar, nakan zauna a bakin sito in rubuta: kaji nawa suka kwana a kowane ɗaki, nawa suka mutu, buhu nawa aka buɗe, kiret nawa aka tara, ƙwai nawa ya fashe, har ruwan da suka sha. Ruwan nan ya fi komai ba da labari. Kaza takan rage shan ruwa ko ta ƙara kafin idonka ya ga alamar ciwo a jikinta, kuma littafi ne kaɗai zai nuna maka.

Akwai wata dattijuwa akanta da ke zuwa daga cikin gari duk bayan wata uku ta haɗa wa Baba lissafi. Mama Akanta muke kiranta. Da farko tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, ta karɓi rasit ta shige ofis. Wata rana ta ga littafina a kan tebur, ta buɗe, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira ni. Ta ce lissafinta yana nuna kuɗin abinci ya hau, ƙwai kuwa bai ƙaru ba, kuma ta rasa dalili. Na ce ni ma na lura muna buɗe buhuna fiye da yadda yawan kajin ya kamata su ci, alhali ba su yi ƙiba ba, ba a kuma zubarwa. Muka aika aka aro sikeli. Buhun da aka rubuta wa kilo 25, sai mu ga 23, wani ma bai kai ba. Wani mai kawo mana abinci ne yake ƙwange, ya daɗe yana yi. Ita kaɗai da takardunta ba za ta gano ba, domin rasit ɗinsa daidai yake. Ni kaɗai da littafina ban san nauyin asarar a naira ba. Daga ranar nan, in ta zo sai ta sa in ja kujera kusa da ita, tana nuna mini yadda kowane kuɗi yake da mashiga da mafita, da dalilin da ya sa mutum zai iya cin riba a takarda alhali ba shi da kuɗin sayen masarar gobe.

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Tsoro ya riga cutar isowa wurinmu. Cikin 'yan kwanaki mutane suka daina cin kaza da ƙwai. Masu shayin Agege da ke ɗaukar kiret-kiret a hannunmu suka daina soya ƙwai saboda ba mai tambaya. Matan da ke zuwa sari da motar haya suka ɗauke ƙafa. Ƙwai ya taru a sito har muka rasa wurin ajiyewa, kaji kuwa ba su san an daina ciniki ba, cinsu kawai suke yi. Muka hana baƙi shiga, muka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin kowace ƙofa, muka yi addu'a.

Duk da haka ta shigo. Da asuba wani yaro ya buga mini ƙofa, na bi shi ɗaki na uku da tocila. Kaji a zube, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, kawuna a kumbure. Kafin azahar na daina ƙirga a baki sai a takarda. Da yamma wasu suka zo wa Baba da shawara: a kwashe na sauran ɗakunan cikin dare, a kai kasuwa a karyar, a tsira da wani abu kafin hukuma ta ji. Ba zan manta da fuskar dattijon nan ba. Duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin ɗakunan nan, ga bashin banki a wuyansa. Ya juyo ya ce, "Malam, me ka gani?" Na ce, "Baba, kajin nan in suka fita, gidajen mutane za su shiga, hannun mata da yara za su taɓa su. Ni ba zan iya loda su a mota ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in kira likitocin dabbobi na jiha. Suka zo cikin fararen kaya da takunkumi, aka kashe sauran, aka haƙa rami aka binne da farar ƙasa. A farkon 2007, da aka sanar da cewa cutar ta kashe wata matashiya a nan Legas, Baba ya kira ni ya riƙe hannuna, bai ce komai ba sai "Alhamdu lillahi."

Gwamnatin Tarayya ta sanya diyyar naira 250 a kan kowace kaza da aka kashe. Kazar da ke tsakiyar ƙwai ta fi haka nesa ba kusa ba, amma ko wannan ɗin sai ka iya nuna adadin kajinka. Littafina ya nuna, ɗaki bayan ɗaki, rana bayan rana. Na san maƙwabta da suka yi asara irin tamu ba su da ko layi ɗaya a rubuce, suka sha wahala kafin a yarda da maganarsu.

Sai maganar banki. Lokacin an gama haɗe bankuna, bayan da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ce kowane banki ya mallaki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Bankin Baba na cikin waɗanda aka haɗe, mutanen da suka san shi sun watse. Muka je mu uku, da shi da Mama Akanta da ni. Wani matashin jami'i ya karɓe mu da mutunci, ya ce za su iya ba da sabon bashi a sake zuba kaji, a fara biya bayan kwana 30. Ba mugunta ce ta sa shi faɗar haka ba, haka takardar gabansa ta ce, kuma da ɗan kasuwar da ke saye ya sayar ya saba. Na nemi izinin Baba in yi magana. Na fito da takardar da na kwana biyu ina zanawa da biro da rula, mako-mako: makonnin wanke ɗakuna da barinsu su huta, ranar zuwan 'yan tsaki, abin da za su ci kowane mako, kuɗin rigakafi, albashi, man janareta, makon da ƙwai na farko zai faɗo, da makon da za su kai ganiyarsu, wajen mako na 28 zuwa 30. Na ce, "Yallaɓai, daga nan zuwa nan kuɗi fita kawai yake yi. In kuka ce mu biya a wata na farko, daga cikin kuɗin abincin kajin za mu ɗebo mu ba ku, su kuma ba za su yi ƙwan da za a biya ku da shi ba." Ya karɓi takardar ya shiga da ita wurin na gaba da shi. Bayan 'yan makonni aka amince mana da jinkirin biya har kajin su fara ƙwai.

A hanyar dawowa, cikin cunkoson Ketu, Mama Akanta ta ce mini da Yarabanci, "Ɗana, abin da ka yi yau aikinmu ne. Me ya hana ka karanta shi?" Na ce, "Mama, na haura talatin, ga iyali." Ta ce ita ma da goyo ta yi nata. Ita ta kawo mini fam ɗin jarrabawar ATS, wato ta ƙananan ma'aikatan lissafin kuɗi, ta cibiyar akantoci ta ƙasa, ICAN, wadda aka kafa tun 1965, kuma ita ta ba ni tsofaffin littattafanta.

Shekarun karatun nan ba zan tsawaita a kansu ba. Da rana ina cikin kaji, da dare ina kan tabarma da fitila, Asabar da Lahadi in kama danfo tun duhu zuwa darasi a cikin gari. A lokacin, jarrabawar ATS Maris da Satumba ake yinta, ta manyan matakai kuma Mayu da Nuwamba, sai rayuwar gidanmu ta koma bin waɗannan watanni. Maiɗakina ta ɗauki nauyin da ba zan iya biyanta ba. Ita ke hana yara hayaniya, ita ke tashina in barci ya sace ni a kan littafi, kuma akwai zangon da kuɗin adashinta ne ya biya mini kuɗin jarrabawa. Takan ce, "Baban yara, ka dage, ba kai kaɗai kake wannan karatun ba." Abin da ya ba ni ƙarfi shi ne yawancin abin da nake karantawa na riga na taɓa shi da hannuna. Lokacin da Najeriya ta fara aiki da ƙa'idojin lissafi na duniya a 2012, akwai guda da ta keɓanta da dabbobi da amfanin gona, IAS 41, wadda abokan karatuna ke kuka da ita. Tambayarta ita ce yaya za ka ƙiyasta darajar abu mai rai da ke girma, yana tsufa, yana iya mutuwa. Ni na san bambancin kuɗin 'yar mako 16 da wadda ta haura mako 70 ana shirin sayar da ita ga masu nama lokacin Kirsimeti.

Da na samu shaidar zama cikakken akanta, wani kamfanin sarrafa abincin kaji da kifi ya neme ni. Na je gidan Baba na durƙusa na ce, "Baba, izini na zo nema." Ya ce ya daɗe da sanin ranar nan za ta zo, ya sa mini albarka, ya kuma sa sharaɗi ɗaya: in koya wa wanda zai gaje ni riƙe littafin kafin in tafi. Allah ya jiƙansa, ya rasu bayan 'yan shekaru, gonar tana hannun 'ya'yansa.

A kamfanin, lissafin kuɗin da ake kashewa wajen sarrafa kaya aka ba ni. Wasu abokan aiki sun yi mamakin ganin Bahaushe a wannan kujera, domin a idon mutane da yawa a Legas mu masu gadi ne, masu acaɓa da masu tura ruwa. Waɗannan sana'o'i ne na halal, 'yan uwana ne ke yinsu, kuma ban taɓa jin kunyar a haɗa ni da su ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda yaranmu da kansu suka yarda iyakarsu ke nan.

Ban iya zama a ofis in jira a kawo mini takarda ba. Gani ya kori ji. Duk ƙarshen wata sai na sa takalmin roba na shiga sito. A nan na ga abin da ya sa masara ke ɓacewa a lissafinmu ba tare da kowa ya sata ba. Ana sayenta da kaka tana da sauran danshi, a auna ta da nauyin ruwan da ke cikinta, a biya. Ta zauna a sito ta bushe, nauyi ya ragu. Masarar da za a ajiye bai kamata danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100 ba. In ka saye ta a kan 17, a tirela ɗaya mai tan 30 ka biya kuɗin ruwa sama da tan ɗaya, ga haɗarin fumfuna mai guba da ke rage ƙwai ya lalata hantar kaza. Na nemi a sayi na'urar gwada danshi, a riƙa gwadawa a bakin ƙofa kafin a sauke, a biya kowa gwargwadon bushewar kayansa. Fataken da ke kawo mana, yawancinsu mutanenmu ne, wasu abokan Kawu. Suka same ni a masallaci suka ce, "Haba ɗan uwa, kai da za ka sassauta mana?" Na zaunar da su na nuna musu lissafin, na kuma yi musu alƙawarin da na tsaya har aka cika: duk wanda kayansa suka cika sharaɗi za a biya shi cikin mako guda, ba sai ya yi wata yana kwana a mota yana jiran kuɗinsa ba. Masu gaskiya cikinsu suka ga sun fi samun riba a haka.

Daga nan aka ba ni shugabancin sashen kuɗi, daga baya hukumar gudanarwa ta naɗa ni daraktan kuɗi. Ban samu kujerar a lokacin sauƙi ba. A 2016 darajar naira ta faɗi, tattalin arziki ya shiga matsi, sinadaran da muke shigowa da su suka yi tsada. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700, a 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin ruwan da Babban Banki ke ɗora ma'auni a kansa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Babbar shawarar da ke gabana kowace shekara ita ce nawa za mu saya da kaka, tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da masara ke da sauƙi, da kuɗin wa za mu saya, kuma ko tashin farashinta zuwa damina zai biya kuɗin ajiya da na bashi. Kafin in rubuta wa hukumar gudanarwa komai, sai na kira mutanen gida na ji yadda damina ta kasance, ko tsutsa ta yi ɓarna, ko manoma sun samu shiga gonakinsu saboda rashin tsaro.

Ranar da na fi jin nauyin wannan aiki tana cikin farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000. Cinikin ƙwai na tsabar kuɗi ne: mai shayi, mai kanti, uwar gida. Da kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, ƙwai ya sake taruwa a gonaki kamar yadda na gani a 2006, kuma ƙwai ba ya jira, 'yan makonni ne ya lalace a zafin nan. Masu kajin da muke ba abinci bashi suka kasa biya. A taron hukumar gudanarwa aka kawo shawarar a rufe bashi gaba ɗaya, kuma bisa takarda shawarar tana da hujja. Na ce, "Ranku ya daɗe, kazar da aka yanke wa abinci kwana kaɗan takan daina ƙwai, kuma sai ta yi makonni kafin ta dawo. In muka rufe musu yau, mun rasa tsohon bashin, mun kuma rasa mai saye gobe." Na nemi a bar ni in tura yarana gona-gona, duk wanda ke da rubutaccen lissafin kajinsa da ƙwansa a ci gaba da ba shi gwargwadon abin da kajin za su ci, a kuma haɗa su da masu gidajen burodi da otal-otal da ke biya ta banki. Aka amince. Akwai waɗanda suka durƙushe duk da haka, muka yi asarar abin da ke kansu. Mafi yawa sun tsaya da ƙafafunsu, sun biya, har yau muna ciniki.

An yi shirye-shiryen bai wa manoma bashi da yawa a ƙasar nan, tun daga asusun lamunin noma na 1977 har zuwa shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Abin da na gani da idona, ko daga hannun wa kuɗin ya fito, shi ne lokaci ke raya bashin noma, lokaci ke kashe shi. Kuɗin takin da ya iso bayan masara ta yi bunni bai amfani kowa ba. Ina da yaƙinin duk ofishin da ke ba manomi bashi yana buƙatar mutum ɗaya aƙalla da ya taɓa yin damina a gona.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna a zuci, wato maganar kuɗin ruwa. Ni Musulmi ne, kuma aikina yana haɗa ni da shi. Na kai maganar gaban malamai, kuma duk inda na samu hanyar kauce masa nakan bi. Da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu kuma suka biyo baya, ƙofa ta buɗe. Cinikin salam ma, wanda ake biyan manomi tun kafin kaka a kan awo sananne da lokaci sananne, yana cikin littattafan fiƙihu da muka karanta a zaure tun muna yara, kuma ya dace da sayen masara. Ban kai inda nake so ba, kamfanin ba nawa ba ne ni kaɗai, ina dai roƙon Allah ya yafe mana ya kuma sauƙaƙa.

Yanzu a Agege iyalina suke. In na shiga kasuwar Mile 12 na ga tirelolin tumatir da albasa da tattasai da ke sauka daga Arewa, ko na je mayankar Oko-Oba, ina ganin 'yan uwana suna juya miliyoyi a rana, da yawansu lissafin duk a ka yake. Kan nasu yana da kaifi, na shaida. Amma na zauna a rabon gado inda mamaci ya bar bashi a hannun mutane, ba a san nawa ba, ba a san wa da wa ba, marayu suna kallo. Na ga aminan shekara talatin sun rabu a kan kuɗin da kowannensu ya rantse yana da gaskiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma dukanmu mun karanta ta.

Shi ya sa duk Lahadi bayan Azahar nake zama da samari a wani aji na Islamiyya a unguwarmu. Yaran shago ne, da masu taya iyayensu a kasuwa, da 'yan mata masu sana'a a gida da ke zuwa tare da maiɗakina. Da littafi mai layi muke farawa: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ake bi, wanda ke bi, da raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Wanda ya fi son waya ina nuna masa yadda zai yi a waya. Wasu cikinsu sun yi rajistar ATS, ɗaya ɗan mai sayar da albasa ne, ya riga ya tsallake matakin farko, mahaifinsa kuma ya damƙa masa littafin bashin rumfarsu. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba a tambayar takardar makaranta. Duk mai so ya zo da littafi da biro.